Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Injiniyoyi Ke Koyon Rage Nauyi Daga Ƙashi, Ɓawo da Saƙar Zuma

Akwai wani reshe na aikin injiniya da ya daɗe yana leƙa jikin dabbobi domin koyon yadda ake samun ƙarfi mai yawa daga kaya kaɗan. Masu ƙera jiragen sama da motoci, da masu zana gadoji da rufin manyan gine-gine, duk suna da hannu a cikinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, tare da amsoshinsu.

Mene ne ainihin abin da injiniya yake nema a jikin dabba?

Tsari yake nema. Idan aka duba abubuwan da dabbobi ke gina jikinsu da su, za a tarar ba wasu kaya ne na a zo a gani ba: akwai ma'adinin da yake ɗaya da alli, akwai furotin irin na farce da gashi da ƙaho, akwai kuma wani zare da ake kira kaitin, wanda da shi ake yin ɓawon fara da na ƙaguwa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai kama ƙafar ƙarfe idan aka gwada shi shi kaɗai. Sai dai ƙarfe sai an narkar da shi a wuta mai zafin digiri 1,500 ko kusa da haka, alhali dodon koɗi yana gina ɓawonsa cikin sanyin damina ba tare da maƙera ba.

Tun da kayan ba su da ƙarfi sosai, sirrin yana cikin yadda aka jera su: inda aka tara su da yawa, inda aka bar rami, ɓangaren da zare ya fuskanta, da yadda abu mai tauri da abu mai laushi suke bin juna hawa-hawa, tun daga abin da ido ke gani har zuwa abin da sai da madubin ƙara girma na lantarki. Injiniya yana da kayan da suka fi na dabba inganci nesa ba kusa ba, amma sau da yawa jerinsu a hannunsa bai kai na dabba hikima ba. Abin da yake so shi ne ya haɗa biyun.

Me ya sa ake damuwa da nauyi haka?

Saboda nauyi yana haifar da nauyi. Duk kilo ɗaya da aka ƙara a jikin jirgin sama, jirgin zai ɗauke shi a kowane tashi tsawon shekaru 20 ko fiye, kuma ɗaukarsa na bukatar ƙarin mai, shi ma man yana da nasa nauyin da fiffike zai ɗauka. Doguwar gada kuwa, kaso mai yawa na ƙarfinta yana tafiya ne wajen riƙe kanta kafin mota ɗaya ta hau. Dabba ma haka lissafinta yake, domin duk abin da ta gina a jikinta sai ta ci abinci ta biya shi, sannan ta yi yawo da shi har ƙarshen ranta.

Ta yaya abu mai rami a ciki zai fi cikakken abu ƙarfi?

Wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana sara ƙashin cinyar sa ya riga ya ga amsar. Tsakiyar ƙashin bututu ne mai bango mai tauri, cikinsa ɓargo kawai. Can bakin gaɓa kuwa, inda masu sha'awa ke taunewa su tsotse, cikin ƙashin ya koma kamar soso, cike da ƙananan ginshiƙai masu ratsa juna. Wurare biyu ne masu aiki iri biyu: tsakiya tana fama da lanƙwasa da murɗa, baki kuma yana karɓar nauyin jiki yana rarraba shi.

Idan aka lanƙwasa sanda, gefen bayan lanƙwasar ne ke miƙewa, gefen cikin lanƙwasar kuma ya takure, amma tsakiyarta kusan ba ta yin aikin komai. Don haka duk kayan da aka kwashe daga tsakiya aka mayar gefe sun koma inda ake bukatarsu. A ɗauki rodi cikakke mai kaurin santimita 2. Idan aka yi bututu da ƙarfe daidai yawan nasa, faɗin bututun santimita 4 ne kuma kaurin bangonsa bai kai milimita 3 ba, nauyinsu zai zo ɗaya, amma bututun zai ninka rodin sau 7 wajen ƙin lanƙwasuwa. Galileo ya yi bayanin wannan tun shekarar 1638, inda ya kawo misali da ƙasusuwan tsuntsaye da karan tsirrai.

Amma abin yana da iyaka. Idan bangon bututu ya yi siriri fiye da kima, ba karyewa zai yi ba, lotsawa zai yi, kamar gwangwanin lemo da aka taka. Dabbobi da yawa sun magance wannan da dabara ɗaya, wato cika bututun da wani abu mai kama da kumfa wanda ba shi da nauyi amma yana tokare bango daga ciki. Duk wanda ya tsaga sandar gashin kaza ko ƙayar beguwa zai ga farin abin nan a ciki. Tsuntsun tukan na Kudancin Amurka ya kai dabarar maƙura: bakinsa ya kai kashi 1 cikin 3 na tsawon jikinsa, amma nauyinsa kusan kashi 1 cikin 20 ne kawai na nauyin tsuntsun, kamar yadda Marc Meyers da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka auna. Fata ce siririya ta keratin, wato furotin irin na farce, a waje, ciki kuma ragar ƙashi mai kama da kumfa.

Ke nan ƙasusuwan tsuntsaye sun fi na sauran dabbobi sauƙi?

Haka aka saba faɗa, amma ma'auni bai goyi bayan maganar ba. A shekarar 2010 Elizabeth Dumont ta Jami'ar Massachusetts ta nuna cewa kwarangwal ɗin tsuntsu yana da nauyi daidai da na dabba mai shayarwa da take girmansa, kuma abin da aka yi ƙashin nasa da shi ya ma fi cunkoso. Tsuntsu ya yi amfani da abu mai tauri ƙwarai ya yi bututu mai faɗi da siririn bango, wanda shi ne abin da masu ƙera jirgi suke yi.

Yaushe aka fara danganta ƙashi da lissafin injiniya?

Labarin da aka fi sani ya faru ne a birnin Zurich na ƙasar Siwizalan a shekarar 1866. Wani masanin halittar jikin ɗan Adam, Hermann von Meyer, yana nuna zanen ƙananan ginshiƙan da ke cikin kan ƙashin cinya, sai injiniya Karl Culmann ya lura cewa layukan sun yi kama da layukan da nauyi ke bi a cikin wani injin ɗaga kaya mai lanƙwasasshen wuya da ya lissafa. A shekarar 1892 likitan ƙashi Julius Wolff na Jamus ya fitar da ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa: ƙashi yana ƙara kauri a inda ake ɗora masa nauyi, yana kuma zaizayewa a inda ba ya aiki. Shi ya sa 'yan sama jannati ke rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ma'adinin wasu ƙasusuwansu a kowane wata idan suka daɗe a sararin samaniya.

Daga nan ne ake jin cewa an kwaikwayi ƙashin cinya wajen gina hasumiyar Eiffel ta Faransa. Abin da ya tabbata shi ne Maurice Koechlin, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zana hasumiyar, ɗalibin Culmann ne, kuma babbar damuwar masu zanen ita ce iska. Sauran labarin ya fi kama da ƙarin gishiri.

Amfanin ƙa'idar Wolff na gaske ya bayyana ne bayan zuwan kwamfuta. Claus Mattheck, wani masani a cibiyar bincike ta Karlsruhe a Jamus, ya tsara hanyar da manhaja za ta yi abin da ƙashi ke yi. Ana ba ta dunƙulen abu, a gaya mata inda za a ɗaure shi da inda nauyi zai danna, sai ta riƙa cire kaya daga wuraren da ba sa ɗaukar komai, zagaye bayan zagaye, har sai abin da ya rage ya zama reshe-reshe kamar ƙashi. A ƙarshen shekarar 2015 kamfanin Airbus, tare da kamfanin Autodesk, ya nuna wani bango na cikin jirgin A320, wanda ke raba wurin fasinjoji da wurin haɗa abinci kuma yake riƙe kujerun ma'aikata. An zana shi da manhaja mai kwaikwayon girman ƙashi, an buga shi gunduwa-gunduwa da na'urar ɗab'i ta 3D, kuma nauyinsa ya ragu da kashi 45 cikin 100, wato kusan kilo 30.

Me ya sa saƙar zuma ta fi kowane misali yaɗuwa a masana'antu?

Saboda tana da sauƙin yi kuma lissafinta a bayyane yake. Kaki yana da tsada ga ƙudan zuma, domin sai sun sha zuma kilo da yawa kafin su fitar da kilo ɗaya na kaki, don haka siffar da ta fi tsimin bango ita ce ta fi musu. Masanin lissafi Pappus na Iskandariyya ya yi rubutu a kan hikimar ɗakuna masu kusurwa 6 tun ƙarni na 4, amma sai a shekarar 1999 Thomas Hales ya kawo cikakkiyar hujja ta lissafi cewa babu wata hanyar raba fili gida-gida daidai wa daida da ta fi wannan ƙarancin bango.

A masana'anta ana yin saƙar da alminiyam ko takarda ta musamman, a manna mata faranti siriri sama da ƙasa. Farantan ne ke ɗaukar ja da danna, saƙar kuma aikinta ta raba su nesa da juna kada su haɗu. Daɓen jirgin sama, sassan fiffike masu motsi, jikin tauraron ɗan Adam, har da ƙofofin cikin gida marasa nauyi masu takarda a ciki, duk haka ake yinsu. Aibinta shi ne ruwa yana iya shiga ɗakunan ya kwanta, kuma farantin yana iya rabuwa da saƙar ba tare da ido ya gani ba. Har yau daga cikin hanyoyin da makanikan jirgi ke bi akwai ƙwanƙwasa farantin da kwabo ko ɗan ƙaramin guduma suna saurare, domin wurin da ya rabu ba ya ba da amo mai kaifi.

Yaya ake samun abu mai tauri wanda ba shi da gautsi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wahala a fannin, kuma a nan ne dabbobi suka fi yi wa mutum nisa. A kayan da mutum ke yi, tauri da gautsi kusan tare suke tafiya. Tangaran da gilashi suna da tauri, amma da zarar tsaga ta fara, sai ta ratsa su gaba ɗaya. Roba ba ta fashewa, amma ba ta riƙe nauyi.

A cikin ɓawon wasu halittun teku dangin katantanwa, waɗanda ake samun lu'ulu'u a jikinsu, akwai wani shafe mai ƙyalli da masana ke kira nakar. Kashi 95 cikin 100 na nakar ma'adinin alli ne, sauran kuma wani abu ne mai danƙo na furotin. Duk da haka, ƙarfin da ake bukata kafin a tsaga shi ya ninka na ma'adinin zalla har kusan sau 3,000. Idan aka duba shi a madubin lantarki, abin da za a gani bangon magini ne: ƙananan tubala masu faɗi, waɗanda sai an jera 100 ko fiye kafin su kai kaurin gashin kai guda, an ɗora su hawa-hawa, danƙon nan kuma ya zama kwaɓin da ke tsakaninsu. Kowane magini ya san ba a daidaita bakin bulo na sama da na ƙasa, domin tsaga kada ta sami hanya miƙaƙƙiya. Haka abin yake a nan. Tsagar da ta shigo sai ta yi ta kewaye tubala, tubalan kuma suna ɗan zamewa suna riƙe juna, har ƙarfinta ya ƙare kafin ta fita ta ɗaya gefen. A shekarar 2008 masu bincike a Berkeley ta Amurka, cikinsu har da Robert Ritchie, sun yi amfani da ƙanƙara wajen jera garin tangaran hawa-hawa, suka busar da ƙanƙarar suka zuba roba a gurbinta, suka sami abin da ya ninka kayan haɗinsa juriya kusan sau 300.

Wata halittar da aka yi nazari sosai ita ce jatan landen nan mai naushi da ake kira mantis, wanda ke fasa ɓawon ƙaguwa da wani dunƙulen hannu mai gudun mita 23 a daƙiƙa, kuma yana yin haka sau dubbai hannun bai farfashe ba. David Kisailus da tawagarsa sun bayyana a shekarar 2012 cewa zaren kaitin da ke ciki an shimfiɗa shi ne hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan juya kaɗan daga na ƙasansa, kamar matakalar bene mai murɗawa. Tsaga idan ta shiga dole ta bi murɗar, ba ta iya wucewa kai tsaye. Masu yin faranti da zaren kabon, wani zare mai ƙarfi marar nauyi, sun gwada jera nasu zaren haka, kuma farantan sun fi jure duka.

Gaskiya ne akwai ƙwaron da mota ke takawa bai mutu ba?

Gaskiya ne. Wani ƙwaro ne mai sulke, dangin buzuzu, da ke zaune a yammacin Amurka, tsawonsa kusan santimita 2. Binciken da aka buga a mujallar Nature a watan Oktoba na 2020 ya nuna yana jure dannin da ya kai kusan kilo 15, wato ninkin nauyinsa sau 39,000. Ba ya tashi, domin murafun fukafukansa biyu sun haɗe sun zama rufi guda, kuma a layin da suka haɗu akwai haƙora masu shiga cikin juna. Idan aka ja su, wuyan haƙoran ba ya tsinkewa farat ɗaya. Hawa-hawan da ke cikinsu ne ke ɗan ɓarewa a hankali.

Abin da ya ja hankalin injiniyoyi shi ne mahaɗar, domin a jirgin sama wurin da aka haɗa ƙarfe da farantin kabon ta hanyar huda rami da sa ƙusa yana cikin wuraren da tsaga ta fi farawa. Masu binciken na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine da Jami'ar Purdue sun yi mahaɗa irin ta ƙwaron tsakanin alminiyam da kabon, kuma ta fi ƙusar da aka saba amfani da ita juriya a gwajinsu.

Akwai abin da masu gina gada za su koya?

Akwai, daga wani soson teku mai suna Euplectella da ke zaune a ruwa mai zurfi a yankin Filifin da Japan. Kwarangwal ɗinsa na gilashi ne, an saƙa shi kamar kwando mai gida-gida, sannan wasu layuka bibbiyu sun gitta a karkace, suna ratsa gida ɗaya suna tsallake ɗaya. Tun lokacin da Ithiel Town ya yi rajistar tsarin gadarsa ta katako mai gicciye a Amurka a shekarar 1820, dabarar tokare gida-gida da sanda a karkace ba ta canja sosai ba. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard suka buga samfura iri-iri masu nauyi ɗaya suka danne su, sai tsarin soson ya fi sauran ƙarfi da sama da kashi 20 cikin 100 ba tare da an ƙara kaya ko kaɗan ba.

Shin zaren gizo-gizo ya fi ƙarfe ƙarfi?

Idan da nauyi aka auna, e. Zaren da gizo-gizo ke rataya da shi yana jure ja kusan kamar ƙarfe mai inganci da yake kaurinsa, alhali ƙarfe ya ninka shi nauyi kusan sau 6, kuma zaren yana miƙewa sosai kafin ya tsinke. Amma ja kawai yake jurewa, ba za a yi ginshiƙi da shi ba. Samunsa ma aiki ne, domin gizo-gizo ba ya kiwuwa, cin junansu suke yi idan aka tara su. Mayafin da aka baje a Landan a shekarar 2012 sai da aka tatsi gizo-gizo sama da miliyan 1 a Madagaska kafin a saƙa shi. An gwada sa awaki su riƙa fitar da furotin ɗin da ake yin zaren da shi a cikin nononsu a Kanada a farkon shekarun 2000, yanzu kuma kamfanoni irin su Spiber na Japan da AMSilk na Jamus suna samar da shi daga ƙwayoyin bakteriya. Samun furotin ya zo da sauƙi a kan kaɗa shi ya zama zare irin na gizo-gizon.

An taɓa kwaikwayon dabba aka yi kuskure?

An yi, kuma wannan ne ya kamata mai sha'awar fannin ya fi riƙewa. A shekarar 2005 Mercedes-Benz ya nuna wata motar gwaji mai siffar wani kifi mai kama da akwati, bisa fahimtar cewa siffarsa tana ratsa ruwa cikin sauƙi kuma tana daidaita kanta. Motar ta yi kyau a gwajin iska, amma a shekarar 2015 Sam Van Wassenbergh na Beljiyam da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwa yana tare siffar kifin fiye da ta kifaye da yawa, kuma amfaninta shi ne saurin juyawa a cikin lunguna. Shi dai wannan masanin ne ya nuna a shekarar 2022 cewa kan tsuntsun nan mai ƙwanƙwasar itace ba ya shanye duka kamar yadda aka daɗe ana cewa, har ana kafa hujja da shi wajen zana hular kwano. Kan nasa guduma ne mai tauri, ƙanƙantar ƙwaƙwalwarsa ce ke kare shi.

Sai kuma matsalar girma. Idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da tsayinsa sau 2, nauyinsa zai ninku sau 8, amma faɗin ginshiƙin da ke riƙe shi sau 4 kawai zai ninku. Saboda haka adadin nan na 39,000 ba ya bin ƙwaron idan aka mayar da shi girman mota. Ƙari a kan haka, gaɓar dabba ba aiki ɗaya take yi ba. Ƙashi yana riƙe jiki, yana adana ma'adini, yana kuma yin jini, don haka wani abin da aka gani a cikinsa ba don ƙarfi yake wurin ba. Injiniyan da ya kwafi siffa bai san aikin da take yi wa mai ita ba, yana iya ɗauko kayan da ba nasa ba.

Akwai gine-ginen da mutum zai iya shiga ya gani da idonsa?

Cibiyoyi biyu na Jami'ar Stuttgart a Jamus, ƙarƙashin Achim Menges da Jan Knippers, sun shafe shekaru suna gina rumfunan gwaji irin wannan. A shekarar 2016 sun kafa wata rumfa a harabar gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, wadda mutum-mutumin inji ya saƙa da zaren gilashi da na kabon bisa tsarin murfin fiffiken ƙwaro. A shekarar 2019 kuma, a bikin baje kolin lambuna na birnin Heilbronn, sun yi rufin katako mai faɗin mita 30 ba ginshiƙi a tsakiya, daga faranti 376 masu rami a ciki, waɗanda aka haɗa baki da baki kamar farantan ɓawon bushiyar teku.

Idan dabarun suna da kyau haka, me ya hana su cika kasuwa?

Babban cikas shi ne ƙerawa. Dabba tana girma ne da kayanta ƙwaya-ƙwaya tsawon watanni ko shekaru, masana'anta kuwa tana son ta zuba, ta yanka, ta yi walda, ta fitar da dubbai a rana. Siffofin da manhaja ke fitarwa sau da yawa babu abin da zai iya yinsu sai na'urar ɗab'i ta 3D, ita kuma tana da jinkiri da tsada, girman abin da take bugawa ma yana da iyaka. Samfurin nakar da ya yi abin mamaki a ɗakin gwaji yakan kasance bai wuce tafin hannu ba.

Bayan haka akwai batun amincewa. Hukumomin kula da jiragen sama ba sa barin a sa sabon sashe sai an tabbatar da yadda zai gaji, da yadda za a gano tsaga a cikinsa, da yadda za a gyara shi, kuma duk wannan ya fi wuya a abu mai ɗaruruwan ƙananan rassa fiye da a farantin alminiyam. A nan ne ƙashi yake da wata dama da injiniya bai samu ba tukuna. Ƙananan tsagogi suna fitowa a cikinsa kullum, amma akwai ƙwayoyin halitta masu rushe wurin da ya lalace da masu sake gina shi, har ta kai kusan kashi 10 cikin 100 na kwarangwal ɗin baligi yana sabuntuwa a kowace shekara. Sashen jirgi kuwa dole a yi shi da rarar kauri tun farko, domin babu mai ɗinke masa tsaga yana cikin tafiya.